Kafin Ka Hau Motar Alhaji Ilu

Ɗanzomo,
ranar Litinin.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gidan da kake zaune a Gumel. Mu nan sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka Hauwa da Saude suna gaishe ka. Allah ya tsare ka a zamanka da tashinka, ya raba ka da sharrin hanya, da na ƙarfe, da na abokin tafiya.

Bayan haka, ka san ni ba mai son rubutu ba ne. Bokon nan a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, gemu ya riga ya fito, har gobe kuma alƙalami ya fi fartanya gajiyar da ni. Amma ranar Juma'a da ka zo, tare ka zo da Alhaji Ilu Maisikeli, ka zauna gefensa a zaurena, ka bar shi ya faɗi maganar da ya kamata ta fito daga bakinka. Ni kuwa ba na yi wa ɗana faɗa a gaban baƙo, ba na kuma yi wa baƙo tsiya a kan tabarmata. Shi ya sa ka ji na ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri, na ja bakina. Kada ka ɗauki shirun nan a kan yarda.

Bari in maimaita abin da na ji, don kada a ce kunnen tsoho ne. Gwamnati ta fara sakin kasuwa. Manomi zai sayar da amfaninsa ga wanda ya ga dama, ba dole sai mai lasin ba. Alhaji zai sayo sabuwar babbar mota ta riƙa jigila tsakanin Maigatari da Kano. Kai za ka tafi ranar Alhamis in kasuwa ta tashi, ka zauna a Kano kana karɓar kaya. Don kuma kada ka dawwama a yaron wani, sai a sayar wa Alhaji gonar Tsamiya, gonar kakanka da ka ci sunansa, a zuba kuɗin a motar, ka zama mai kaso. Wato gona ta koma hannunsa, kuɗin gonar ma su koma hannunsa, mu kuma a nuna mana taya ɗaya a ce tamu ce, mu riƙa kallonta tana juyawa.

Amsata tana ƙarshen takarda. Na san halinka, za ka juya ka fara daga can. Kada ka yi. Ka zauna ka bi ta a hankali, ni ma a hankali na rubuta.

Kai ka taso ka tarar da Alhaji da rawani da dogon carbi. Ni na san shi tun yana Ilu, da 'yar shara, yana riƙe wa wani mai lasin sikeli a tashar jirgi ta Gagarawa. A wancan zamani doka ta ce gyaɗar fitarwa waje hukuma kaɗai ke sayenta, ta hannun masu lasin, a farashin da aka yanke can sama tun ba mu cire ta daga ƙasa ba. Waɗanda suka yanke ba su taɓa duƙawa a kunya ba, ba su kuma tambaye mu ba.

Wata shekara aka yi shelar an ɗan ƙara farashi. Ni da zafin ƙuruciya sai na mayar da gonar Tsamiya gyaɗa gaba ɗayanta, ko layi ɗaya na gero ban bari ba. Kakanka yana da rai a lokacin. Ya dogara sandarsa ya zo bakin gona, ya duba gabas ya duba yamma, ya ce, "Haruna, da gyaɗa aka fara tuƙa tuwo ban ji labari ba?"

Na ce, "Baba, zamani ne. Kuɗin gyaɗar nan sai su sayi geron mutum uku."

Ya ce, "To, Allah ya sa mutum ukun su yarda su sayar maka."

Gyaɗa ta yi, ba laifi. Innarka tana goyonka ta ɓare ta, ta sheƙe, ta shanya har in ka ɗebo sai ka ji tana ƙara a hannu. Na ɗora wa jakuna na nufi Gagarawa. Ilu ya soka ƙarfensa a buhu, ya murza 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya taɓe baki. Ya ce, "Akwai ƙasa. Ba ta kuma gama bushewa ba. Lamba biyu ce."

Na ce, "Ilu, ka ji tsoron Allah. Tauna ka ji."

Ya ce, "Haba Malam Haruna, ai ba dole. In bai yi maka ba, kai wa wani."

Yana faɗa yana murmushi, domin ya san daga nan har Sule Tankarkar babu wani sikeli sai na ubangidansa. Na tsaya cikin rana ina hucin banza, jakuna sun gaji, ni na gaji, a gida ba hatsi. Na sayar. Ban gama kwance igiyoyi ba na ga 'yan dako sun juye lamba biyun nan tawa a kan tulin lamba ɗaya. A shekarar nan geron da muka ci da tsada muka saye shi, kakanka kuwa bai sake ce mini komai ba, wanda da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laifin Ilu nasa ne, amma wautar tawa ce. Ni na ɗauki abincin gidana duka na kai ƙofar da ba ta da ta biyu. Saboda haka ka ji: duk sana'ar da mai sayenta ɗaya ne, kada ka zuba mata duk abin da ka mallaka. Ka tambayi kanka, motar nan makullinta a aljihun wa zai kwana? Wa zai ce yau ta je Kano, gobe ta tsaya? Ran da kuka saɓa, ina za ka kai tayarka?

Bayan 'yan shekaru sai na ce na yi wayo. Kawunka Ɗan'azumi, yayan innarka, yana can ƙetaren iyaka, ƙasar da mu tsofaffi har yanzu muke ce wa Faransa. Ya aiko mini cewa gyaɗa ta fi daraja a wajensu. Gyaɗar ɗaya ce, ƙasar ɗaya ce, ruwan saman da ya jiƙa gonata shi ya jiƙa tasa, amma in ka tsallaka wani fegi da Nasara suka kafa sai farashinta ya canza. Na ɗora wa jakuna, na kauce wa Maigatari, na bi ta daji da tsakar rana, a tunanina zafi ya kori kowa inuwa. Buhunan kuwa innarka ce ta ɗinke bakinsu da jan zare, ɗinki mai gicciye irin nata, don kada su haɗu da na wani.

Ashe inuwar da zafi ya kora mutane ciki, a kan hanyata take. Masu kaki suka taso daga gindin wata aduwa. Babbansu ya ce, "Kai, ɗan fasa-ƙwauri!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gonata ce, gyaɗata ce, jakunana ne, gidan ɗan'uwan matata za ni. Me na fasa?"

Ya ce, "Dokar ƙasa ka fasa. Sauke."

Suka riƙe gyaɗar, suka bar mini jakunan, ina jin don ɗaya yana ɗingishi ne ba su son wahala. Na dawo gida da wofi.

Alhamis ta zagayo na je Maigatari sayen gishiri. Ina tsaye kusa da shingen iyaka sai ga motar Ilu, lokacin ya riga ya sami lasin na kansa. Ta babbar ƙofa ta bi, rana tsaka, ta nufi arewa, ana ɗaga mata hannu. Tamfol ya ɗage ta baya. Abba, da idona na ga jan zaren uwarka. Na sami Ilu bayan Juma'a na yi masa magana a hankali. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Haruna, buhu ai duk kama yake yi." Da na gaya wa innarka sai ta ce, "Buhu yana kama, amma ɗinkina bai yi kama da na kowa ba. Ka ce masa in ya gama ya dawo mini da zarena."

Ba yabon hanyar daji nake yi ba. Da an ɗaure ni, wa zai ciyar da ku? Wannan ganganci ne, kada ka gaje shi. Dokar da ta mai da manomi ɓarawon gyaɗarsa kuwa mummunar doka ce, ba ni da ko ɗigon hawaye da zan zubar don an fara kwance ta. Amma ka lura da wanda ya yi ƙiba a lokacin da take ɗaure. Dokar ba ta hana kaya ƙetarewa ba, ta dai zaɓi wanda zai ƙetara da su. Kai kuma in ka je Kano, kada ka karɓi kayan da ba ka buɗe ka gani ba, ko da mai shi ya rantse da abin da ya fi ƙarfinsa.

Kada ka ce ni dama can maƙiyin ɗauri ne. Shekarun farin nan da suka wuce ka yi wayo, ka ga yadda shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar Maigatari, ka ga mutanen arewa sun gangaro da 'ya'ya a kafaɗa. Gero ya riƙa hawa kowace kasuwa. Muka taru mu dattawa muka je gaban hakimi, muka ce a yanke farashin tiya, duk wanda ya wuce shi a hukunta shi. Ni na fi kowa ɗaga murya a ranar, har ana cewa, "Ku bar Malam Haruna ya faɗa, shi ya iya." Aka yarda, aka yi shela, na dawo gida ina jin kamar na ciyar da gari.

Kasuwar farko farashi bai motsa ba. Tiyar ce ta motsa. 'Yan hatsi suka sami maƙeri ya bubbuge musu gindin kwanon awo ya shige ciki, ta waje tiya, ta ciki ko kaza ba za ta ƙoshi ba. Muka koma muka yi ƙara, aka ƙwace kwanukan, aka kawo masu hatimi. Kasuwa ta biyu sai ba gero. Ko ƙwaya. 'Yan hatsi suna zaune a rumfunansu suna fifita, gabansu kanwa da kalwa. Na ce wa ɗaya, "Ina gero?" Ya ce, "Malam, ai kai ka yanke masa farashi, kai za mu tambaya inda yake." Gero ya koma bayan gida, ana auna wa wanda aka sani, a farashin da ya fi na da muni. Wanda ba a sani ba, tsohuwa daga ƙauye da 'yan kuɗinta ƙulle a bakin zane, sai ta yi ta zagaya rumfuna har la'asar ta koma da ƙwarya wofi. Ni na jawo wannan da bakina, da kyakkyawar niyya kuma.

To, sai ka ji yadda aka gyara. Rana ɗaya aka janye dokar. Ba a kawo hatsi daga kudu an ajiye ba, ba a ce wa talaka ga ranar da za a janye ba. Mu a ƙafa muke zuwa kasuwa, kafin mu isa hantsi ya yi. Muka tarar gero ya fito, an kuma riga an ɗinke shi a buhu. Motoci uku a jere, biyu na Ilu. Wa ya gaya masa daren jiya za a janye? Ni dai ba a gaya mini ba. Suka kwashe kasuwar suka yi arewa da ita, inda yunwa ta fi tamu. Ɗaurin ya ba mu yunwa, kwancewar ma ta ba mu yunwa, mutum ɗaya kuma ya ci riba sau biyu.

Tun daga ranar na daina yarda da duk gyaran da ake yi da bakin mai shela. Ciki ba ya jin shela. In ka ga ana tsada, ka tambayi inda kayan suka maƙale kafin ka nemi wanda za a zaga.

Ka duba yadda muke yi da dabbobi a garin nan. Da ruwa ya sauka kowa sai ya ɗaure akuyarsa a turke, duk damina tana kuka, ana yanko mata ciyawa. Babu mai cewa ɗaurin nan daɗi ne da shi, babu kuma mai son ya dawwama, don akuyar turke ba ta yin ƙiba. Amma ba a sakinsu ran da mai manyan 'ya'ya ya gama girbi. Dagaci sai ya zagaya ya ga gwauruwa ta gama roron wakenta, tsoho ya ɗaure karansa, sannan a fara da gonakin da aka kwashe, a bar na nesa sai daga baya. In aka sake su rana ɗaya don mai garke ya gaji da sayen harawa, a gonar wa za su faɗa? Kakanninmu ba su yi karatun Ingila ba, amma sun san saki yana da tsari. Waɗannan masu manyan takardu kuwa, ko dai su ɗaure har wuya ya kumbura, ko su yanke igiya su juya baya.

Kuma yaushe ma suka tuna da sakin? Sai da kuturta ta shiga gyaɗa, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, gona guda ba ta cika buhu. Shekara da shekaru muna roƙon a bar mu mu sayar inda muke so, aka ce a'a. Yanzu da ba abin sayarwa, an zo ana yi mana albishir. Dalar gyaɗar da kake jin ana faɗa a Kano, da guminmu aka tara ta. Ina rijiyar da aka haƙa mana da ribar? Hanyar Ɗanzomo har yau in mota ta shigo sai an tara samari sun turo ta daga yashi.

Ta innarka ma ka sani, amma ba ka san farkonta ba. Tun kafin a haife ka take matsar man gyaɗa. Da man nan da ƙuli-ƙuli aka yi maka kayan makaranta, da su aka tara wa Hauwa kwanuka. Da kuɗin fetur suka shigo ƙasa aka buɗe bakin teku, sai muka fara jin labarin man gwangwani daga waje, mai araha. Ta ce mini, "Malam, in rage sayen gyaɗa bana? Na ji an ce wani mai ya shigo Kano."

Na ce, "Abin birni ne, ba zai iso nan ba. Wa zai bar manki ya ci abin da bai san uwarsa ba? Ki saya ki ajiye, gyaɗa tsada za ta ƙara."

Ta ji maganata, ta sayar da tumakinta biyu ta cika ɗaki da gyaɗa mai tsada. Kafin ta matse rabi, gwangwanin ya cika rumfunan Maigatari. Masu tuyar ƙosai da suka shekara suna layi a ƙofarta sai suka koma gaishe ta daga nesa. Ba ita kaɗai ba, duk matan unguwarmu turamensu sun yi shiru. Ban ce kada a shigo da mai ba. Talaka ya ji sauƙin miya, na gani, ba zan yi ƙarya ba. Amma da an shigo da shi kaɗan kaɗan, da matan nan sun ga alama sun juya kuɗinsu wani wuri. Ni kuma da na yi shiru da ta tsira da tumakinta. Ka koya daga nan: mace in ta gaya maka abin da ta hango a sana'arta, ta fi ka gani. Kada kuma ka taɓa cewa abu ba zai iso ƙauye ba. Abin arha ko ba hanya sai ya iso.

Wa ya kawo gwangwanin Maigatari? Ka fi ni sani, kai ka sauke wasu. Ranar Juma'ar nan kuma, da hannunka ka shigar wa uwarka da tsarabar Alhaji: gwangwanin mai. Ka san abin da ta ce bayan kun tafi? Ta ce, "Malam, ka aika masa an gode. Na ajiye shi, in ƙyauren ɗaki ya yi ƙara ma ɗiga masa." Ta yi dariya, amma daren nan ba ta ci tuwo ba.

Alhajin nan shi ne mutumin da ya zauna a zaurena yana karanta mini, "Malam, zamanin takura ya wuce. A bar kasuwa ta yi halinta, kowa ya nemi rabonsa." Wallahi da ƙyar na haɗiye. Mutumin da ya tsufa a kan sikelin da doka ta hana kowa kafa irinsa, yau shi ne mai wa'azin 'yanci! Da lasin ya sayi motoci, da lasin ya gina sito, da lasin manajan banki ya san sunansa. Yanzu da ya gama tsallakewa sai ya ce a buɗe fili kowa ya yi tsere, shi a mota, ni a kan jaki mai ɗingishi. Bai canza ba, Abba. Iskar ce ya ga ta juya. Ka tambayi kanka kuma, mutumin da ke cewa noma ya mutu, arziki yana kan titi, me zai yi da gona? Me ya sa duk gonakin da ya saya a Gagarawa da Sule Tankarkar bai sayar da ko ɗaya ya zuba a motar ba?

Ba na ƙin a saki kasuwa. Na fi Alhaji sonta, don ni ɗaurin ya ci wa wuya. Na ji a rediyo wai hukuma za ta bar kowa ya saya, ita kuma ta tsaya da wani farashi na ƙasa, in kasuwa ta faɗi manomi ya sami inda zai kai. In da gaske ne, ita ce magana mai hankali ta farko da na ji daga can. Amma na sha jin rediyo. Ina so in ga sikeli na biyu a garin nan, na wani wanda ba surukin Alhaji ba. Ina so in ga iri mai jure cuta ya iso kafin shuka, ba bayan an yi noman farko ba. In na ga wannan damina ta wuce, wata ta wuce, ba a wayi gari an ce an fasa ba, to sai in yarda. Gwamnatin da ta saki yau ita ce za ta iya ɗaurewa gobe, soja ne, ba sa shawara da Ɗanzomo. Ran da aka ɗaure, Alhaji zai nemo sabon lasin. Kai me za ka nemo?

Ga amsata. Gonar Tsamiya ba ta sayarwa ba ce. Ba tawa ba ce ni kaɗai, ba taka ba ce kai kaɗai, Hauwa da Saude suna da haƙƙi a cikinta, ba kuma wanda ya tambaye su ko suna son taya. Jiya Alhaji ya aiko mutum da igiya wai ya auna ta. Ya tarar da ni ina sauke taki. Na ce ya gaishe da maigidansa, ya gaya masa bana gero da wake za a shuka, in yana son saye ya zo da kaka, ya tarar da wasu masu sayen a layi.

Amma ban ce kada ka tafi ba, ba zan kuma sallame ka hannu wofi ba. Cikin shanun huɗata biyu na ba ka jan. Ka san abin da wannan yake nufi a wurina: sa ɗaya ba ya jan garma. Na yi magana da maƙwabcinmu Malam Sule, za mu haɗa nawa da nasa, rana tasa rana tawa, shukata za ta ɗan makara, na yarda. Ranar Alhamis da safe tare za mu je kasuwar shanu ta Maigatari, ina riƙe da igiyarsa. Kai za ka yi cinikin da bakinka, ni ba zan sa baki ba. Kuɗin kada ka zuba su a motar kowa. Ka sayi wake da riɗi da sunanka, ka biya Alhaji kuɗin ɗauka kamar kowane fasinja, ka kai Kano. In ka isa kada ka sayar wa na farko da ya taya, ka zagaya ka ji bakin mutum uku ko huɗu. Wannan shi ne 'yancin da ake ta faɗa, ni ban taɓa ɗanɗana shi ba, ina so kai ka ɗanɗana. In ya karɓe ka, baɗi sai mu ƙara. In ya ƙi, sa ɗaya ne ya tafi, ka dawo ka tarar da tuwo.

Wataƙila Alhaji ya ce in ba gona ba tafiya. In ya faɗi haka, ka gode wa Allah da ya nuna maka abin da yake so tun kana Gumel, ka hau wata motar. Yanzu ai ba tasa kaɗai ce a hanya ba.

Na san za ka ji haushi. Ka ji, ba laifi, ni ma na ji na kakanka. Amma kada ka tafi Kano da shi ba sallama. Ka zo ranar Laraba ka kwana a gida, ka durƙusa gaban uwarka ta sa maka albarka. Ka riƙe salla a kan lokaci ko mota na jira. Kada ka tauye awo, kada ka soka ƙarfe a buhun talaka ka faɗi abin da ba shi ne ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya saukar da kai lafiya. Ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga mugun ciniki da mugun aboki, ya sa albarka a ɗan abin da na ba ka. Allah ya dawo mana da kai muna raye. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Haruna.